Mutum a Bakin Kwal: Inda Aikin Fim Ɗinmu Ya Kwana

9 ga Fabrairu, 2025

Rubutun labari ya kammala, darakta ta amince da shi, saura ɗauka. Ga wanda bai san abin da muke ciki ba, fim ne a kan wani iyali 'yan Italiya da babu ta koro daga Manoppello, wani gari a gindin dutsen Maiella cikin yankin Abruzzo, ta jefa su Marcinelle kusa da Charleroi a Beljiyam, inda maigidan ya shiga haƙar kwal. Uba ne da uwa da 'ya'ya uku, sai ƙanen uban da ya biyo sawu daga baya tare da amaryarsa. Iyalin mu muka ƙirƙire su, amma duk abin da ke kewaye da su ya faru. Labarin ya tashi daga 1951 ya tsaya a 1958. Ni da darakta muka rubuta, ita jikar wani mahaƙi ce, kuma ni aka ɗora wa fitar da shi da Hausa.

Sai an san cinikin da ya kawo su kafin a gane fim ɗin. Bayan yaƙin duniya na biyu Beljiyam tana da kwal jibge a ƙarƙashin ƙasa, amma masu shiga su ciro sun yi ƙaranci, domin 'yan ƙasar sun ga abin da rami ya yi wa iyayensu, ba su son 'ya'yansu su gada. Firaminista Achille Van Acker ya shelanta abin da ya kira yaƙin kwal, aka tura fursunonin yaƙi Jamusawa cikin ramuka, amma kowa ya san ba za a riƙe su har abada ba, a 1947 kuwa aka sallame su. Italiya kuma ga majiya ƙarfi birjik ba aikin yi, ga masana'antu ba makamashi. Ranar 23 ga Yuni, 1946, ƙasashen biyu suka sa hannu a Roma: Italiya za ta aika ma'aikata 50,000, dubu biyu duk mako, ita kuma ta samu kwal. Lissafin da ya zauna a bakin mutane har yau shi ne kilo 200 na kwal kullum a bakin kowane mutum guda.

Takardar nan ita ce mugu a fim ɗinmu. Ba mu rubuta wani azzalumin shugaban aiki mai zare ido ba, kuma ina fata kada a matsa mana mu ƙara shi.

23 ga Fabrairu

Aljihunmu ba zai kai mu Abruzzo ba, don haka ƙauyen gaba ɗaya ya koma fitowa guda a cikin ɗaki: maza sun taru gaban wata takardar sanarwa mai launin ruwan hoda, wanda ya iya karatu yana karanta wa saura. Irin waɗannan takardu ƙungiyar masu ramukan kwal ta Beljiyam ta riƙa mannawa a garuruwan Italiya. Sun lissafa albashi, da kuɗin tallafin 'ya'ya, da hutu mai biya, da kwal kyauta na ɗumama gida, da fansho. Ƙura da zurfin rami ba su samu shiga ba. Mai zanenmu ya yi tamu takardar a kan wannan tsari.

Uban yana da wani ɗan girman kai da nake so ya fito tun a nan. A jikin Maiella akwai wuraren haƙar kwalta, ya taɓa yin aiki a can, saboda haka yana gaya wa matarsa shi ba baƙon rami ba ne. Bai san akwai inda ake zura mutum kilomita guda a tsaye ba.

Jiya da shekaranjiya muka ɗauki Milan a wani garejin ƙarƙashin ƙasa da aka ba mu aro. A ɗakunan da ke ƙarƙashin babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan ake tara mutanen, su yi kwanaki suna jiran likitocin Beljiyam su duba su. Ba a ɗaukar wanda ya haura shekara 35, mu kuma muka ba uban 34, domin mai kallo ya san in ƙofar nan ta rufe ba ta sake buɗewa. Na cire duk maganar da na rubuta wa fitowar. Likita ya juya tafin hannu, ya buɗe baki, ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya buga hatimi, na gaba ya matso. Jarumin namu ya yi wani abu da ba ya cikin rubutu, ya riƙe numfashi ya turo ƙirji gaba lokacin da likitan ya iso kansa. Mun bar shi.

15 ga Maris

Muna tsere da sanyi, kafin ya wuce mu gama duk abin da ya shafi bariki. Da yawa daga cikin 'yan Italiyan an sauke su ne a sansanonin da Jamusawa suka gina wa fursunonin Rasha lokacin mamaya, waɗanda daga baya aka tsare Jamusawan kansu a ciki. Rumfuna ne na katako da na kwano mai lanƙwasa, famfo na kowa da kowa a waje, makewayi ma haka. An ce na wucin gadi ne, amma a 1956 akwai iyalai da ke ciki har lokacin. Mun dace da wata rumfar kwano irin wannan a gonar wani manomi da yake ajiye taraktarsa, ya fitar mana da ita ya ce mu yi abinmu.

Nan ne uwar ta iso da yaran bayan shekara guda da rabi. Ta taho da zannuwan gado na aurenta a akwati, ta tarar da bargo rataye a tsakiyar ɗaki, bayansa wani iyali ne daban. Jarumar ta tambaye ni ko ta yi kuka. Na ce a'a, ta nemi tsintsiya. Macen da ta kwana biyu a jirgi da yara uku, kuma ta san mijinta yana kallon fuskarta yana jiran hukunci, ba za ta ba shi hawaye a ranar farko ba.

Ruwan sama a kan kwano ya cinye rabin maganganun da muka ɗauka. Mai sauti ya ce a sake ɗora murya a situdiyo, darakta ta ce a bar wasu yadda suke, don mutanen cikin rumfar ma da ƙyar suke jin juna.

An yi 'yar gardama a kan mutanen gari. Gaskiya ne an riƙa kiran baƙin da sunan taliya don wulaƙanci, gaskiya ne kuma tsofaffi suna ba da labarin gidajen haya da mashaya da aka rubuta ba a son karnuka ba a son 'yan Italiya. Mun sa wannan sau ɗaya, uban ya wuce ta gaban allon bai ma iya karanta shi ba, babban ɗansa ne ya karanta ya yi shiru. Amma na ƙi yarda a mayar da kowane ɗan ƙasa maƙiyi. Wanda ya koya wa uban yadda ake sauraren katakon da ke tokare da rufin rami ɗan Waloniya ne, yankin Beljiyam da Charleroi take, talaka ɗan'uwansa, kuma a gobarar ramin Marcinelle ta 1956, wadda ke tafe a labarin, 'yan Beljiyam 95 suka mutu.

2 ga Afrilu

Tallafin da muke sa rai bai fito ba. Mun cire bikin baftisma, mun cire tafiyar jirgin ƙasa ta cikin Siwizalan, mun haɗe maƙwabta biyu sun zama mutum ɗaya. Abin da na hana a taɓa shi ne saurayin da ya sauka rami sau ɗaya ya fito ya ce ko za a yanka shi ba zai koma ba. Kwantiragin ya ɗaure mutum shekara guda a rami, sai ya yi biyar kafin a ba shi izinin neman wani aiki, wanda ya ƙi kuwa ana kai shi barikin Petit-Château a Brussels a tsare kafin a mayar da shi gida. In babu yaron nan, mai kallo zai yi ta tambayar me ya hana uban ya ajiye fitila ya kama gabansa.

27 ga Afrilu

Wannan makon ya sauya fim ɗin, saboda haka zan ɗan tsawaita.

Darakta ta kawo mana wani dattijo da ya haura tamanin da biyar, wanda ya shiga rami tun yana matashi, ya duba mana kayan aiki. Ya zagaya da mu tsohon wurin Bois du Cazier, ramin Marcinelle da gobarar ta tashi a cikinsa, wanda yanzu gidan tarihi ne, UNESCO ma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2012 tare da wasu ramuka uku na Waloniya. Ya nuna mana zauren da ake canza kaya, inda kowa ke ɗaure tufafinsa a ƙugiya ya ja sarƙa su haye can kusa da rufi su bushe. Ya nuna mana ɗakin fitilu: kowane mahaƙi yana da ɗan ƙarfe mai lamba, ya miƙa a ba shi fitila, in ya fito ya mayar da fitila ya karɓi lambarsa. Da haka ake sanin wanda yake ƙasa. Duk wannan na karanta a da, amma gani ya kori ji.

Abin da ya tsaya mini ba a cikin bayaninsa yake ba. Tsakanin zaure da zaure sai ya tsaya ya dafa bango, numfashinsa na fita kamar zugazugin maƙeri da ya huje. Da muka zauna na karanta masa ƙarshen labarin, inda uban ya mutu a gobarar 1956, ya saurara har na gama, sannan ya ce kowa gobarar yake so ya yi wa fim, domin ita ce mai rana da wata. Sauran abokan aikinsa, in ji shi, a gado suka tafi ɗaya bayan ɗaya, a zaune ma ba a kwance ba don kwanciya ba ta yiwuwa, kuma ba wanda ya buga musu ƙararrawa.

Ciwon ƙurar dutse yake nufi. Ƙurar da gudumar iska ke tayarwa, musamman wurin masu fasa dutse don buɗe hanya zuwa ga kwal, tana zama a huhu ta taurare shi, ba ta da magani, kuma tana ci gaba da cin mutum ko ya bar aikin. Beljiyam ba ta amince da shi a matsayin ciwon da aiki ke jawowa ba sai a dokar ƙarshen 1963. Wato a duk shekarun labarinmu, mahaƙin da huhunsa ya ƙare ba shi da diyyar wannan ciwo da zai nema.

Mun kwana muna juya maganar, ga inda muka tsaya. Uban ba zai mutu a gobara ba. Ƙanensa ne zai mutu. Shi uban zai nemi a mayar da shi aikin fasa dutse saboda kuɗinsa ya fi, domin ya fitar da iyalinsa daga bariki zuwa gidan bulo mai ɗaki biyu. Zai samu gidan. Mai kallo zai ga ranar da suka tare, uwar ta shimfiɗa zannuwan nan a karon farko, a daren kuma a ji tari daga ɗaya ɗakin. Da huhunsa ya biya hayar, kuma ya san haka lokacin da ya nemi canjin, don ya ga waɗanda suka riga shi.

Darakta ta so a ce 'yan'uwan biyu sun yi musayar aiki ranar gobarar, wan ya ba ƙanen aikin safe. Na ƙi. In aka yi haka labarin ya koma na mutum da nadamarsa, mai kallo ya fita yana cewa da bai canza ba da shi ke nan. Ba musaya ce ta kashe mutum 262 ba. Ƙanen yana aikin safe a makon, wan yana na rana, iyakarta ke nan.

18 ga Mayu

Ba wanda zai bar mu mu sauka rami, yawancin ramukan ma an toshe su, na ƙarshe a Waloniya ya rufe tun 1984. Mun gina namu a wani sito da katako da kwali da baƙin fenti. Jijiyar kwal a wannan yanki siririya ce, wani wurin ba ta kai mita ɗaya ba, kuma a karkace take, don haka mahaƙi a kwance yake aiki ta gefe guda, guduma a hannu, gumi na zuba. Kafintanmu ya fara yin rufin da tsayi don kamara ta samu wuri, dattijon ya zo ya sa aka sauke shi har sai da jarumin ya daina iya ɗaga kai.

Haske daga fitilun 'yan wasa kaɗai yake fitowa. Mai kamara ya yi ƙorafi cewa ba a ganin komai, amma da muka duba a allo, haƙora da fararen idanu da ƙura mai yawo cikin haske sun isa. Ƙurar ta garin koko ce da toka mai laushi, kuma duk da haka kowa ya sa abin rufe hanci tsakanin ɗauka da ɗauka. Dawakai dai mun haƙura da su. A 1956 akwai dawakan da ke jan taragon kwal a ƙarƙashin Bois du Cazier, na so ƙwarai a gan su, sai dai za a ji takunsu ne kawai daga nesa.

8 ga Yuni

Harsuna huɗu ke yawo a fim ɗin. A gida iyalin suna yin yaren Abruzzo, wanda ɗan Milan ma ba lalle ya gane shi ba. Limamin cocinsu da jami'in ofishin jakadanci suna yin Italiyanci na makaranta. Ofis da asibiti da makarantar yara Faransanci ne. A cikin rami kuma ana cakuɗa komai da yaren Waloniya. Wata tsohuwa 'yar asalin yankin Pescara ce ke zama da 'yan wasan tana gyara musu baki, ba ta da sassauci ko kaɗan.

Wannan ya shafi aikina na Hausa kai tsaye. Mutanenmu sun saba da fim ɗin da aka ɗora wa murya gaba ɗaya, kowa a ciki ya zama Bahaushe, daga sarki har bafade. In na yi haka a nan na rushe fim ɗin, domin rabin wahalar iyalin rashin jin abin da ake faɗa musu ne. Shawarar da na yanke ita ce iyalin da 'yan garinsu su yi Hausa, Faransanci kuma a bar shi yadda yake, ba fassara a ƙasa. Mai kallo a Zinder ko Maradi zai ji duka biyun, na Kano zai zauna cikin duhu tare da uban. Kowannensu fim ɗin da zai gani daban ne, kuma ban ga aibin hakan ba.

Fitowar da ta fi amfana ita ce ta asibiti. 'Yar ta tsakiya, mai shekara goma sha ɗaya, ita ce tafintan gidan. Likita ya ɗaga hoton ƙirji ya yi bayani mai tsawo, yarinyar ta juyo ta ce, «Baba, ya ce ka rage shan taba.» Uban ya dube ta, ya dubi likitan da ya ɗauki minti guda yana magana, ya ce, «To, Allah ya yi miki albarka.» Yarinyar da ke wasan jikar mahaƙi ce ita ma, ta yi shi a ɗauka ta farko.

20 ga Yuli

Mun zauna da zanen ramin mun bi abin da ya faru safiyar 8 ga Agusta, 1956, daki-daki, ba don za mu nuna shi ba, sai don kada wani a fim ɗin ya faɗi abin da ba haka ba.

Wajen ƙarfe takwas da minti goma, a zurfin mita 975, an tura taragon kwal cikin kejin da ke hawa da sauka, bai gama shiga ba, wanda ya kamata ya fita ta ɗaya gefen shi ma bai gama fita ba. Saboda rashin fahimtar juna tsakanin mai lodi a ƙasa da masu ja a sama, kejin ya tashi a haka. Abin da ya turo waje ya fizgo wani ƙarfe, ƙarfen ya tsinke wayoyin lantarki, ya fasa bututun mai da na iska. Tartsatsi ya samu mai, iska ta hura, ga katako ko'ina. Mafi muni, ta wannan rijiyar ce iska mai kyau ke shiga, saboda haka na'urar da ke ba mutane numfashi ita ta raba musu hayaƙi lungu-lungu. Yawancinsu ba wuta ce ta taɓa su ba, iskar guba ce. Goma sha wani abu ne kawai suka fito da rai.

Duk wanda ya dubi jerin nan zai ga kuskuren mutum ɗaya ba ya isa ya yi wannan ɓarna sai an riga an jera masa mai da wuta da katako wuri guda. Tsohon rami ne da ake tatsa, ana biyan mutane gwargwadon abin da suka ciro.

A fim ɗin, kamara ba za ta sauka ba ranar. Uwar tana shanya, ta ga baƙin hayaƙi ya tashi ta bayan tsibin duwatsun da ake zubarwa daga rami. Daga nan sai ɗakin fitilu, uban yana bin layin lambobi da yatsa.

17 ga Agusta

Ranar 8 ga wata mun je taron tunawa, ba mu ɗauki kamara ba. Kowace shekara ana buga ƙararrawa sau 262 a daidai lokacin, a karanta sunaye. Cikinsu 136 'yan Italiya ne, kuma Manoppello kaɗai, ƙaramin gari, ta rasa sama da mutum ashirin. Tun 2001 Italiya ta ware ranar don tunawa da 'yan ƙasarta da suka mutu wurin aiki a ƙetare.

Fitowar bakin ƙofa mun ɗauke ta a makon nan a gaban wata tsohuwar masana'anta mai irin ƙofar ƙarfen. Mata sun yi mako biyu riƙe da ƙarafan nan suna jira, masu ceto na sauka suna hawowa, har daga Faransa da Jamus aka kawo ɗauki, Sarki Baudouin ma ya zo. Sai ranar 23 ga Agusta waɗanda suka kai zurfin mita 1035 suka fito da labarin cewa babu mai rai. Mun nemi mutum hamsin su cika wurin, waɗanda suka zo sun ninka haka, da yawa da hotunan kakanninsu a jaka. Wata ta zo da ɗankwalin da kakarta ta ɗaura a wancan lokacin, ta ce a sa wa jarumar.

Nauyin fitowar yana kan facaloli biyu. Ɗaya mijinta yana ƙasa, ɗaya nata yana tsaye a bayanta da rai. Uwar ba ta san inda za ta sa idonta ba, amaryar kuma ba ta son a taɓa ta. Tun a bariki ba su jituwa, a kan murhu da wurin shanya, kuma ban sulhunta su a bakin ƙofar ba. Mutuwa ba ta cika gyara abin da zama ya ɓata ba, sai dai ta sa a dafa abinci a aika.

14 ga Satumba

An fara tacewa. Tambayar yanzu ita ce me za a rubuta a allo bayan hoto na ƙarshe. Ina da abubuwa biyu da nake so, kuma ban son ƙari. Na farko shari'a: a 1959 kotun Charleroi ta sallami duk waɗanda aka gurfanar, a 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta samu injiniya guda da laifi, ta yanke masa wata shida na jeka-ka-gyara-halinka da tara. Na biyu abin da ya biyo baya: Italiya ta daina aika mutane a kan wannan tsari, Beljiyam ta juya ta ƙulla da Sifen a 1956, da Girka a 1957, da Maroko da Turkiyya a 1964. Shi kansa ramin an sake buɗe shi a 1957, bai rufe ba sai 1967.

Wani abokina da ya ga ɗanyen aikin ya ba da shawara a rufe da hoton kwalekwalen 'yan ci-rani a gaɓar Lampedusa, tunda yau Italiya ce ake bi ta Agadez da Libiya ana nema. Na gode masa, ban ɗauka ba. Wanda ƙanensa ya bi hanyar nan ba ya bukatar in nuna masa da yatsa, tun a fitowar takarda mai ruwan hoda zai gane abin da yake kallo. Kuma mutanen Manoppello sun cancanci a ba da labarinsu don kansu, ba don a yi wa wasu darasi da su ba.

19 ga Oktoba

Abin da muka haɗa ya kusa awa biyu, muna so ya sauko zuwa awa ɗaya da rabi. Fitowar kanti, inda uwar ke karɓar kaya bashi ana rubutawa a littafi, ta maimaitu fiye da kima, biyu za su tafi. Kiɗa kaɗan ne, akodiyon guda a wani daren Asabar a bariki, sauran duk ƙarar keji ce da tari.

A ɓangaren Hausa na samu muryar uban da ta ƙanen da ta yaran. Ta uwar ce har yanzu. Waɗanda suka gwada duk suna sa mata rauni a murya, ita kuwa mace ce mai gajeriyar magana wadda ba ta roƙo. Ina neman muryar dattijuwa mai ɗan kaushi, wadda za ta ce wa miji «ci abincinka» a ji duk abin da ba ta faɗa ba.

Saura fitowa guda ba a ɗauka ba, sai sanyi ya dawo, kuma a kanta muka rabu biyu. Lokacin 1958 ne, uban ba ya iya hawa matakala sai ya huta, babban ɗan ya isa aiki, ga amaryar da marayanta sun dawo gidan. Darakta tana so uwar ta tare ƙofa ta ce ɗanta makaranta zai ci gaba ko da za su koma bariki. Hujjarta ita ce haka aka yi a gidaje da yawa, tana kawo misalin Elio Di Rupo, wanda iyayensa daga Abruzzo suka zo, aka haife shi a 1951 a Morlanwelz, ya zama firaministan Beljiyam a 2011. Ni kuma na ce shi ɗaya ne shi ya sa aka san sunansa. Gida mai baki bakwai da huhu ɗaya da ya ƙare, lissafin ba ya fita sai yaron ya je ya karɓi lamba a ɗakin fitilu, kuma uban da kansa zai raka shi ya nuna masa inda ake rataye kaya.

Kuɗin yini ɗaya ne tsakanin ɗaukar guda da ɗaukar biyun. Manomin ya ce rumfarsa tana nan, an kuma ba mu izinin ɗakin fitilu da sassafe kafin baƙi su fara shigowa. Za mu ɗauki duka biyun a mako na biyu na Disamba, a raba gardamar a teburin tacewa.